Harafin da Ba a Faɗa: Kwana Tara a Gidan Lefebvre

Da kunne na fara sanin sunan tun kafin in gan shi da ido, kuma wannan ne ya haifar da ruɗanin da ya biyo ni tun daga Kano har ƙofar wani bene a birnin Lille da ke arewacin Faransa, kusa da iyakar Beljiyam. Ɗan yayata ya shekara biyu yana karatun digiri na biyu a can, ya kama ɗaki a gidan wani dattijo malamin makaranta da ya yi ritaya, kuma da wuya ya aiko wa mahaifiyarsa saƙon murya ta WhatsApp bai ambace shi ba: yau Mushe Lafef ya ba shi bargo, jiya Mushe Lafef ya raka shi wurin likita. Kalmar mushe ya ɗauko ta ne daga bakin abokansa 'yan Damagaram da Maraɗi, domin a Nijar haka ake kiran malamin boko, daga kalmar girmamawa ta Faransanci wadda ake rubutawa Monsieur. Yaya kuwa ta ce ita ba za ta kira mutumin da ya riƙe mata ɗa da sunan abin da ya mutu ba a yanka ba, saboda haka a gidanmu ya zama Malam Lafef, ana aika masa gaisuwa kamar wani maƙwabci na bayan layi.

Da lokacin kare kundinsa ya matso, mahaifinsa ya riga mu gidan gaskiya, Yaya kuma ciwon gwiwa ba zai bar ta ta yi doguwar tafiya ba, sai nauyin ya faɗo kaina a matsayina na kawu. Daga cikin takardun neman biza akwai shaidar masauki, wadda mai gida ke karɓowa daga ofishin magajin gari ya aiko wa baƙonsa. Da ta iso na buɗe, sai na ga an rubuta sunan mai masaukina da manyan baƙaƙe: LEFEBVRE. Na juya shi a baki yadda bokon Ingilishi ya koya mini, ya fito mini Lefebbire, na ƙirga haruffa takwas, na rasa ta inda Lafef zai fito daga cikinsu. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne yaron ya bar gidan dattijon bai faɗa mana ba, ko kuma ya faɗa hannun masu sayar da takardun jabu. A daren na kira shi ina faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kawu, ai shi ne. Haka ake rubutawa, ba haka ake faɗa ba." Na yarda ne kawai don ba ni da zaɓi.

A ƙarshen watan Satumba na tashi daga Abuja da dare, na sauka filin jirgin sama na Charles de Gaulle da safe. A cikin filin kansa akwai tashar jirgin ƙasa mai gudu da suke kira TGV, wanda ya kai ni Lille cikin kusan awa ɗaya, yana keta shimfiɗaɗɗun gonaki da ba tudu ba kwari. Yaron ya riga ya gaya mini cewa a ranar yana tare da malamin da ke duba aikinsa, don haka ya zana mini hanya: in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, in canja layi a tashar Lille-Flandres, in sauka a unguwar Fives. Jirgin nan ba shi da direba, kuma tun 1983 yake tafiya a haka. Na zauna a can gaba inda ya kamata direba ya kasance, ina kallon rami yana haɗiye mu, ina karanta abin da ya sawwaƙa.

Gidan na jan bulo ne kamar yawancin gine-ginen unguwar, hawa huɗu, ƙofarsa a kulle, a gefenta kuma akwai wani allon ƙarfe mai maɓallai, kowane maɓalli da sunan mai gidan da zai ji ƙararrawa. Ana yayyafi, layin wayata na Najeriya ya ƙi aiki, hannuna ɗaya na riƙe da akwati mai kilishi da yaji. Idona ya faɗa kan LEFÈVRE, na ga ya yi kama da abin da nake nema, na danna. Muryar wata mata ta fito daga ramukan allon. Na yi sallama irin tasu, na ce ina neman Lefebbire. Ta yi wata doguwar magana da ban tsinci komai a ciki ba. Na sake cewa Lafef, ta ce ita ce, na kuma san ba ita ba ce. Da dabara ta ƙare mini, sai na lalubo tsohon saƙon muryar yaron, na kanga wayar a jikin allon na kunna. Ta gane muryarsa, ta yi dariya, ta ce wani abu da daga baya aka fassara mini da cewa, "Mai b kake nema, yana hawa na uku." Sai a lokacin na lura cewa ƙasa da maɓallinta da layi biyu akwai wani mai ɗauke da LEFEBVRE. Ita da mai masaukina ba su haɗa dangi ba, bakinsu suna ɗaya yake faɗa, harafi guda ne ya raba su, shi ma harafin ba wanda yake furta shi.

Dattijon ya haura shekara saba'in, siriri ne mai farin gashi, kuma shekarun da ya yi yana koyar da yara ba su bar shi ba. Da yamma, bayan yaron ya dawo ya zama tafintanmu, na ba da labarin abin da ya faru a ƙofa, sai ya ture kofunan shayi gefe, ya ɗauko takarda ya rubuta sunansa, ya ja layi ya raba shi biyu. Gaɓa biyu ce kacal. Ta farko Le ce, kuma wasalinta ba a ba ne, ba e ba ne, ba o ba ne; wani gajeren sauti ne da ke fita idan an ɗan tsuke leɓe, ba a kuma tsaya a kansa ba. Nauyin sunan duka yana kan gaɓa ta biyu, wadda ke farawa kamar mai shirin cewa "fes" amma bai kai ga s ba. Daga nan ya ɗora ɗan yatsa ya rufe b gaba ɗaya, ya ce in manta da shi. Sai v, wanda ake yi da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, murya tana kaɗawa. Sai r, wadda ba ta da alaƙa da ra ɗinmu ta kan harshe, domin daga maƙogwaro take fitowa. Na sha wahalarta har sai da na tuna harafin gaini na Larabci, wanda kowane ɗan makarantar allo yake furtawa a cikin Fatiha, na sassauta shi kaɗan, sai dattijon ya buga tebur ya ce na samu. Wasalin ƙarshe kuwa shi ma ado ne, ba a faɗarsa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yadda bakin Bahaushe yake yi da wannan suna. Mu ba mu da v, kuma duk inda muka ci karo da shi b muke mayar da shi, shi ya sa muke da direba da talabijin da biza. Ba ma kuma son baƙaƙe biyu su cunkushe a ƙarshen kalma ba wasali a tsakani, kamar yadda muka yi wa tebur. Saboda haka idan na saki baki, Lafebur ne ke fita. Wato b ɗin da suka rubuta su ba sa faɗa, v ɗin da suke faɗa kuma ni b nake mayar da shi, har mai sauraro ya zaci rubutun nake bi sau da ƙafa. Shi kuwa Lafef na ɗan yayata, ashe ba kuskurensa ba ne. A maganar yau da kullum Faransawa kan yar da r ta ƙarshe idan ta biyo bayan wani baƙi, mutanen arewa kuma, waɗanda Pikar, tsohon harshen yankinsu, ya bar wa alama a baki, sukan busar da baƙin ƙarshe, v ya koma f. Dattijon ya ce haka mahaifiyarsa take faɗa, haka ma mai sayar da burodi na kan kwana, amma shi a aji bai taɓa yarda yaro ya faɗa masa haka ba.

Kashegari ne na tambayi ma'anar sunan, ina tsammanin za a ce mini sunan wani ƙauye ne ko wani waliyyinsu. Sai ya dunƙule hannun dama yana dukan tafin hagu. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, maƙeri." Na ajiye cokali. Kakana na wajen uwa maƙeri ne, a zaurensa na yi wayo, kuma kafin in iya rubuta sunana na iya zama a gindin zugazugi ina zuga wuta har gawayi ya yi ja. Na fara jero wa dattijon tambayoyi: ina maƙerarsu take, wa ya gaji uwar maƙera, da wane irin gawayi suke aiki? Ya girgiza kai. Bai taɓa riƙe masaba ba, mahaifinsa a masaƙar Roubaix ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare, kakansa manomin alkama da dankali ne. Maƙerin da ya bar musu sunan ya rayu ne wajen ƙarni na 12 ko na 13, zamanin da laƙabin mutum ya fara bin 'ya'yansa da jikokinsa a wannan ƙasa, kuma ba wanda ya san ko a wane gari ya hura wutarsa. Tun da kowane ƙauye yana da maƙerinsa, sunan ya tsiro a wurare da yawa a lokaci guda, shi ya sa maƙwabciyarsa ta ƙasa ba 'yar'uwarsa ba ce.

Tushen kalmar Latin ne, faber, mai aikin hannu da abu mai tauri, musamman ƙarfe. A bakin mutanen arewacin Faransa ta narke ta zama fèvre, sannan aka manna mata le, ƙaramar kalmar da ke nuna wani sananne, suka zama abu guda. Wannan bai zame mini baƙo ba, domin haka muka yi da al ta Larabci a alƙali da alkama da albasa, har muka manta cewa ba jikin kalmar ba ce. Ita fèvre ta mutu a harshen yau, wata kalmar ce dabam, forgeron, ta gaje ta, shi ya sa Bafaranshe zai iya ɗaukar sunan har ya tsufa bai san yana cewa maƙeri ba. Wuri ɗaya da ta maƙale shi ne orfèvre, mai ƙirar zinariya da azurfa. Na gaya masa cewa mu ma mun raba su haka, akwai maƙeran baƙi masu garma da gatari da lauje, akwai maƙeran fari masu zobe da munduwa, ya sa yaron ya rubuta masa kalmomin biyu a bayan takardar da ya koya mini furuci da ita.

Labarin b kuwa na malamai ne da magatakarda. A ƙarni na 15 da na 16 masu ilimi a Faransa sun kamu da son nuna asalin Latin a cikin rubutu, har wani shahararren malami, Jacques Lefèvre na garin Étaples, wanda ya fassara Baibul zuwa Faransanci ya kuma rasu a 1536, yakan sa hannu da Faber Stapulensis. Magatakarda suka riƙa cusa haruffan da baki ya daɗe da zubarwa, suka mayar da b na faber cikin fèvre, ba su lura cewa v ɗin da ke wurin shi ne b ɗin da ya sauya kama ba, wato sun rubuta harafi ɗaya sau biyu. Akwai kuma wani amfani da ya yi musu. A wancan zamani u da v harafi ɗaya ne a rubutu, don haka b yana taimaka wa mai karatu ya gane cewa abin da ke biye baƙi ne, ba wasali ba. Duk da haka wasu suka karanta shi a matsayin wasali, daga nan aka sami iyalan da ake kira Lefébure, waɗanda su kam suna furta b ɗinsu sarai, kuskuren karatu ya zame musu suna na dindindin. Daga baya an share irin waɗannan haruffa daga kalmomi da yawa na yau da kullum, amma tsintsiyar ba ta shiga sunayen iyali ba, domin su suna hannun rajista. Dokar Villers-Cotterêts ta 1539, ta zamanin Sarki Faransuwa na Ɗaya, ta wajabta wa limaman coci rubuta duk yaron da aka yi wa baftisma. Wata dokar ta 1794, lokacin juyin juya hali, ta hana kowa ɗaukar sunan da ba shi ne a takardar haihuwarsa ba. Bayan gobarar 1871 ta cinye rajistar birnin Paris, aka fito da ɗan littafin iyali da ake ba ma'aurata ranar ɗaurin aure, wanda ya daskarar da rubutun kowane suna yadda ya same shi. Dattijon ya buɗe aljihun tebur ya nuna mini na iyayensa, bangonsa ya ƙoƙe, b yana zaune a kowane shafi.

Tun daga ranar idona ya buɗe, na riƙa ganin sunan ko'ina: a jikin motar masu gyaran famfo, a kan farantin tagulla na ƙofar wani likitan haƙori, a kan duwatsun maƙabarta. Yana cikin sunayen da suka fi yawa a jihohin Nord da Pas-de-Calais har zuwa Normandi, ko da yake a ƙasar baki ɗaya Martin ne ke kan gaba. A tsakar tsohon ginin kasuwar hannun jari da ke babban dandalin Lille, inda masu tsofaffin littattafai ke baje kolinsu, dattijon ya nuna mini sunan Georges Lefebvre, masanin tarihin juyin juya halin Faransa, wanda aka haifa a birnin a 1874. Tourcoing, da jirgin ƙarƙashin ƙasa ke kaiwa, ita ce mahaifar Marcel Lefebvre, wanda ya yi aikin mishan a Gabon, ya zama babban bishop na Dakar, daga baya ya yi hannun riga da fadar Fafaroma a 1988. Akwai kuma François Joseph Lefebvre, babban hafsan Napoleon wanda ya ci birnin Danzig a 1807, sai dai shi ɗan Alsas ne daga can gabas. Mai masaukina ba ya alfahari da ko ɗaya daga cikinsu, ba ya kuma jin kunyar ko ɗaya, domin a wurinsa ba su fi masu gyaran famfon kusa da shi ba.

Idan aka gangara kudu, faber ɗin nan ya bi wasu bakunan ya fito da wasu kamanni: Fabre, Faure, sai Favre a wajen tsaunukan Alf da Suwizalan, a yamma kuma Lefeuvre. Na tsaya a kan Faure, domin Félix Faure ne shugaban Faransa daga 1895 zuwa 1899, kuma a zamaninsa ne, a watan Yunin 1898, Faransa da Ingila suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ja layi ta arewacin Sakkwato, kafin gyare-gyaren da suka biyo baya su kai iyakar inda take a yau tsakanin Katsina da Maraɗi. A Lille ma ba sai an je nesa ba kafin a ci karo da sunan maƙeri a wasu harsunan. Ranar Lahadi a kasuwar Wazemmes, inda ake cin karo da 'yan Aljeriya da 'yan Maroko da 'yan Afirka ta Yamma tsakanin tulin zaitun da rumfunan yadi, dattijon ya mayar da abin wasa, yana tsayar da ni a gaban kowane allon suna da ya dace. Desmet na Filamanci ne, daga maƙwabtansu na Beljiyam. Kowalski na jikokin mutanen Poland ne da aka kwaso bayan 1919 don haƙar kwal. Haddad na Larabawa ne. Dukansu maƙeri suke nufi, kuma a cikin waɗanda muka gani babu mai ƙira ko ɗaya.

Yadda suke amfani da sunan a tsakaninsu ne ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in saba. Shekara biyu yaron nan yana cin abinci a tebur ɗaya da dattijon, ya yi jinyarsa lokacin da mura ta kwantar da shi, amma har ranar da na baro su Monsieur Lefebvre yake ce masa, yana kuma yi masa jam'in girmamawa, vous, kamar yadda muke ce wa babba "kun tashi lafiya". Da farko na ɗauka rashin sabo ne, ko dattijon ne ke riƙe shi nesa. Daga baya na gane cewa a wurinsu wannan shi ne kwatankwacin Baba da Malam, kuma babba ne ke ba da izini kafin a sauko zuwa sunan yanka. Kiran mutum da sunan iyali tsirara, ba Monsieur ba Madame, al'adar bariki ce da filin makaranta, kuma idan baƙo ya yi wa dattijo haka ya yi rashin ladabi. A takardun hukuma sunan iyali ake fara rubutawa, da manyan baƙaƙe, sannan sunan yanka, saboda sunaye irin su Martin da Bernard da Robert suna iya zama kowanne daga cikin biyun. Duk lokacin da mai masaukina ya kira wani ofis a waya, na lura ba ya jira a tambaye shi, yana faɗin sunan zai ɗora da jero haruffan ƙarshensa, b, v, r, e, kamar dai cikon sunan ne. Ya ce sau da yawa wasiƙunsa sun kwana a akwatin maƙwabciyarsa, kuma ya taɓa yin makonni yana zirga-zirga a wani ofis saboda wani akawu ya yar masa da b.

Marigayiya matarsa an san ta da Madame Lefebvre shekara arba'in, amma ya nuna mini cewa a doka ba ta taɓa rabuwa da sunan gidansu ba. Na miji aro ne da al'ada ta yarda a yi amfani da shi. Tun daga 2005 iyaye na iya ba ɗansu sunan uba ko na uwa ko su haɗa biyun, tun 2022 kuma baligi na iya zuwa ofishin magajin gari sau ɗaya a rayuwarsa ya koma sunan ɗayan iyayen nasa ba tare da doguwar shari'a ba. Kalmar Mademoiselle, da ake bambanta budurwa da matar aure da ita, an cire ta daga takardun gwamnati a 2012. Jikokinsa biyu suna ɗauke da suna mai goyo, nasa da na surukinsa, kuma bai ɓoye mini cewa hakan bai kwanta masa ba, ko da yake ya ce gara haka da a ce b ɗin ya tsaya a kansa.

Ranar kare kundi ce wannan tsari nasu ya taɓa ni inda ban zata ba. Mu ba mu da sunan iyali irin nasu. Sunan uba muke ɗorawa, ko na gari, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, kuma ko maƙeri ya haifi maƙeri, sana'ar ake gada, laƙabin ba ya shiga takarda. A fasfon ɗan yayata, sunan mahaifinsa ne ya faɗa gurbin sunan iyali. Da shugaban kwamitin malaman ya miƙe zai buɗe zama, sai na ji ya ce Monsieur, ya kira sunan surukina marigayi, sunan da Yaya ba ta taɓa furtawa da bakinta ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa, yaron kuma ya amsa ya miƙe. Sau fiye da ashirin aka kira sunan a cikin awa ɗaya. Na kunna wa Yaya waya tana saurare daga Kano, da aka gama na ɗaga na ji tana share hanci, ba ta ce komai ba sai hamdala.

Ana jibi zan tafi, dattijon ya ce akwai inda yake so ya kai ni. Muka shiga tsohuwar motarsa muka nufi kudu wajen Arras, muka wuce tagwayen tsaunukan baƙar ƙasa na Loos-en-Gohelle, waɗanda ba halitta ba ne, tarin abin da aka tono ne daga ramukan kwal kafin a rufe na ƙarshe a yankin a 1990. Tudun Notre-Dame-de-Lorette shi ne maƙabartar soja mafi girma ta Faransa, mutum fiye da 40,000 ke kwance a wurin daga yaƙin duniya na farko, har da wani sashe na Musulmi da aka fuskantar da kaburburansu alƙibla, inda na tsaya na yi musu addu'a. A gefen maƙabartar akwai wani ƙaton zobe da aka buɗe ranar 11 ga Nuwamba 2014, an jera alluna 500 na ƙarfe a cikinsa, kowanne ya fi mutum tsawo, ɗauke da sunaye kusan 580,000 na waɗanda suka mutu a wannan yanki tsakanin 1914 da 1918. An jera su bisa tsarin abacada kawai, ba muƙami, ba ƙasa, Bajamushe kusa da Bafaranshe kusa da Ba'indiye.

Ƙanin kakansa yake nema. Muka bi alluna har muka kai L, ya sa tabarau, ya ɗora yatsa. Lefebvre ya fara bai ƙare ba, layi bayan layi, sannan Lefèvre ya karɓa, kuma a cikin masu b ɗin kansu akwai da yawa da sunan yankansu ya zo ɗaya da wanda muke nema. Ya ce ya zo nan sau da dama, kuma abin da ya iya tabbatarwa kawai shi ne nasu yana cikin wannan rukuni, ba ya cikin na ƙasa, domin littafin iyalin da ke aljihun teburinsa ya gaya masa haka. Ya karanta su a hankali, kowanne da cikakken furuci irin na aji, r ɗin tana fita daga maƙogwaro. Da muka zagaya zuwa S muka tarar da Smith na Ingilishi da Schmidt na Jamusawa sun fi haka yawa. Ni dai abin da na tsaya dubawa shi ne aikin kansa, yadda aka zana haruffan a jikin ƙarfen ba karkata ba zurmawa, na shafa da yatsa ina tunanin abin da kakana zai ce da ya gani.

Bayan na dawo Kano da mako guda na je zauren da na yi wayo a ciki, inda ɗan kawuna yake riƙe da maƙerar har yanzu, ko da yake yanzu wani ƙaramin fanka mai batir ya karɓi aikin zugazugi. Na ba shi labarin Bature mai suna Maƙeri wanda bai taɓa riƙe awartaki ba. Ya gwada sunan sau biyu, ya tsaya a kan Lafebur, ya tambaye ni ko mutumin yana da gona. Na ce sai tukwanen furanni a barandar bene. Ya ce in dawo ranar Laraba. Da na koma na tarar ya ƙera wata 'yar fartanya da ba ta fi tafin hannu ba, ya sa mata ƙota ya goge ta da mai, ya ce a kai wa ɗan'uwansa. Wani ɗalibi mai komawa Lille a watan Janairu ya yarda ya sa ta a akwatin da ake aunawa. Na naɗe ta a tsumma na sa a kwali, na rubuta sunan da manyan baƙaƙe, na ƙirga haruffan suka cika takwas, sannan na ƙara a ƙasa cewa hawa na uku ne.